Kwalbar Da Ba Ta Da Rubutu

Auta ta faɗo ɗakin ko sallama ba ta ƙarasa ba, ta jefa jakarta kan gado, ta zauna a kujerar da ke gaban madubi.

"Anti Malama, don Allah yau a rage lakca! Jibi ne liyafar kammala karatunmu, so nake in na shiga wurin nan kowa ya rufe ido saboda ƙyalli."

Malama ta yi murmushi, ta ci gaba da jera burusanta a kan tawul. Ba a makaranta ta samo wannan suna ba. Mai kwalliya ce, tana aiki a ɗakin da Ummanta ta ware mata a gida. Kwastomomi ne suka laƙaba mata shi, saboda ba ta buɗe kwalba sai ta karanta abin da aka rubuta a bayanta, ba ta kuma taɓa fuskar mutum sai ta ɗiga masa kayan a bayan kunne kwana biyu kafin ranar, ta ga ko fatarsa za ta karɓa. Auta kuwa ƙanwar Injiniya ce, wanda saura mako biyar a ɗaura musu aure da Malama.

"Juyo min kunnenki," in ji Malama.

Ta ɗiga abu uku a jere: fawundeshan, hoda da hailaita, wato abin da ake shafawa a saman kunci da karan hanci don su riƙa ɗaukar haske. Ta rubuta sunayensu a ɗan kati. Da ta matso da fitila, sai ta tsaya. Fatar kuncin Auta ta yi siriri, har ana hango ƙananan jijiyoyi a ƙarƙashinta.

"Wane mai kike shafawa?"

"Man da kowa ke shafawa mana," in ji Auta da sauri, ta zuge jaka. "Ke dai ga abin da nake so ki sa min. Onlayin na saya, duk 'yan ajinmu ita suke yayi."

Kwalba ce ƙarama mai ruwan zinari. Tana buɗe ta ƙamshi ya cika ɗakin har ya hau kai. Malama ta juya ta gaba da baya, babu rubutu ko harafi ɗaya. Ta ɗiga a yatsa ta murza.

"Taɓa ki ji, yashi-yashi take. Hailaita ta kirki daga wani dutse ake niƙo ƙyallinta, maika, laushi kamar gari. Wannan kuwa glitar roba ce, irin wadda ake yi wa kati ado da ita, tana iya kartar fata. Ga uban turare, shi kuwa turare yana cikin abubuwan da suka fi tayar wa mutane da fata. Akwai kuma wani sinadari, bismat, da ake sawa don sheƙi, wasu yakan sa su ƙaiƙayi in sun yi gumi. Yana ciki? Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba."

"Kin ji ko! Ni na san sai an yi lakcar nan. To ki gwada min ita a bayan kunnen."

"Abin da ban san cikinsa ba ko a bayan kunne ba na sawa, ƙanwata."

Auta ta turo baki ta mayar da kwalbar jaka. "Oke. Yaya dai ya shiga uku, ko gishiri zai sa a abinci sai an karanta masa takarda."

Ranar liyafa bayan kunnen Auta lafiya lau, ko ja bai yi ba. Malama ta yi mata kwalliya, ta fito kamar a sace ta, ta tafi tana ɗaukar kanta hoto.

Washegari da hantsi wayar Injiniya ta shigo. Ko gaisuwa babu.

"Me kika shafa wa Auta? Ki zo gida yanzu, Hajiya na nemanki."

A falo ta same su. Auta na kwance a doguwar kujera, fuskarta ta kumbura, saman kuncinta da karan hancinta sun yi ja sun feso da ƙuraje masu ruwa, idonta ɗaya da ƙyar yake buɗewa. Hajiya, mahaifiyarsu, na tsaye a kanta. Injiniya ya jingina da bango ya harɗe hannu.

Malama ta durƙusa. "Ina kwana, Hajiya. Ya mai jiki?"

"Riƙe gaisuwarki! Dubi abin da kika yi min da 'ya! Lafiya ƙalau na aiko miki da ita, kika mayar min da ita kamar wadda aka watsa wa ruwan zafi. Dama an sha gaya min ku masu kwalliyar nan haɗe-haɗen jabu kuke yi, na ce ke daban ce. Ashe ni ce ban da wayo!"

"Hajiya, kayan da na sa mata sai da na gwada..."

"Ki yi min shiru! Tun ba ki shigo gidan ba kin fara da fuskar 'yata, in kika shigo kuma sai me?"

A daidai nan Auta ta motsa, mayafinta ya zame. Malama ta ga ƙurajen sun bi ƙashin wuyanta har kan kafaɗu biyu, layi a miƙe kamar an ja da yatsa, ga 'yan ƙwayoyin ƙyalli na zinari maƙale a gefen rigar. Ita kuwa kwalliyarta a haɓa ta tsaya. Ta ɗago suka haɗa ido. Auta ta ja mayafin da sauri, ta girgiza mata kai a hankali, hawaye na gangarowa ta cikin kumburin.

Maganar ta zo wa Malama har bakin leɓe. Ta haɗiye ta.

Hajiya ta juya ga ɗanta. "Kai kuma ka ji da kyau, maganar auren nan a dakata da ita. Ba da yawuna ba."

Malama ta dubi Injiniya. Kansa na ƙasa, bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi duk faɗan Hajiya yi mata ciwo.

Sai da ta isa gida ta rufe ƙofa sannan kukan ya ƙwace mata. Umma ta saurari labarin tana tafa hannu.

"Kika gani da idonki kika yi shiru? Ke wace irin yarinya ce? Miƙo min mayafina, yanzu zan je in fayyace musu!"

"Umma, ki zauna don Allah. In daga bakinmu ta fito, cewa za a yi na shafa wa yarinya kashin kaji don in wanke kaina. Kwalbar ma ƙila ta ɓoye ta. Kuma ba kwalbar kaɗai ba ce, ina zargin tana shafa man ƙara haske a ɓoye. In na tona ta a gaban uwarta, ko an yi auren na sayi gaba ta har abada."

"To sai ki zauna aurenki ya lalace saboda 'yar ƙwailar nan?"

Malama ta share ido ta fara haɗa kwalaben da ta yi aiki da su a cikin leda.

Kwana biyu babu kira. A na uku da la'asar Injiniya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa da takalmansa masu ƙurar wurin gini. Ya rame.

"Na yi ta lallashin Hajiya," in ji shi. "Ta ce in kika zo kika amsa cewa kayanki ne, kika ba da haƙuri, za ta duba. Kalma ɗaya ce fa. Ki ce kuskure ne, a wuce wurin."

"Kai ma ka yarda ni ce?"

"Ni ban ce ba! Amma uwata ce, ya kike so in yi? In tsaya ina musu da ita a kan hoda?"

"Haƙuri zan ba ta sau dubu, don babba ce. Amma ba zan ce kayana ne ba. In na faɗi haka za a yi ta maganin abin da ba shi ne ciwon ba. Me ake sa mata yanzu?"

"Wani manta ne take shafawa, ta ce shi kaɗai ke sanyaya mata."

Malama ta matso kusa da shi. "Ka kai ta wurin likitan fata gobe-goben nan. Zan zo da duk abin da na shafa mata. In likita ya ce nawa ne, na yarda a fasa auren, kuma na ajiye burushi har abada."

Ya daɗe yana kallonta. "Har haka?"

"Har haka."

A barandar asibiti Hajiya ko inda Malama take ba ta kalla ba. Da Hajiya da Injiniya suka tafi karɓo kati, sai Malama ta matsa kusa da Auta, wadda ta rufe rabin fuska da mayafi.

"Sori, Anti," Auta ta ce da raɗa. "A mota na ƙara da ta kwalbar nan, ƙawayena suka ce taki ba ta ihu. Wallahi in Hajiya ta ji maganar man nan kashe ni za ta yi. Tun bara ta ce duk ranar da ta kama ni da shi..."

"Ni ba zan faɗa ba, kin ga kwana uku ban faɗa ba. Amma ki saurare ni. Irin fatarmu in ta ƙone baƙin tabo take bari, wani ya yi shekaru bai tafi ba. Man da kike jin yana sanyaya miki, shi ya cinye ƙarfin fatar tun farko. Likita ba boka ba ce, abin da aka gaya mata da shi za ta yi aiki. Faɗan Hajiya na kwana biyu ne, fuskar nan kuwa da ita za ki tsufa."

Aka kira su. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta karanta bayan kwalaben Malama ɗaya bayan ɗaya, ta duba katin da Malama ta rubuta kayan gwajin, ta leƙa bayan kunnen Auta.

"Nan aka yi gwaji? Fes yake." Ta janye mayafin daga kafaɗarta. "Nan fa, ke kika shafa mata?"

"A haɓa na tsaya, likita."

Likita ta cire tabarau ta dubi Auta. "'Yata, akwai abin da ya hau fatar nan da ba ya kan teburina. Mene ne?"

Malama ta zuba wa Auta ido. In Auta ta ce babu, to ita ba ta da sauran abin cewa. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai Auta ta fashe da kuka. Ta zuge jaka, ta ajiye kwalbar zinarin a tebur, ta sake lalubo wani ɗan bututun mai ta ajiye a gefenta.

"Ni ce, Hajiya! Anti ta hana ni, ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, na je na shafa a mota. Man kuma wata takwas ina shafa shi. Ta gane tun ranar, ta rufa min asiri!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Hajiya, ta dafe ƙirji ta zauna.

Likita ta karanta bututun ta girgiza kai. Ta ce maganin da ke cikinsa yana sirantar da fata, shi ya sa abin da ke kwalbar ya samu ƙofa a buɗe. Ta ce kada a yanke man rana ɗaya, ita za ta tsara yadda za a janye shi a hankali, kuma wata uku babu kwalliya ko ta ɗigo.

"Da kun ƙara mako guda a gida, da maganar ta fi haka tsawo," ta ce.

A hanyar fita Injiniya ya tari gaban Malama, idonsa ya yi ja. "Na bar ki ke kaɗai a falon nan. Ban san da wane baki zan..."

"Ka kai su gida tukuna," ta ce. "Naka hukuncin yana nan yana jiranka."

Washegari Hajiya da kanta ta yi sallama a gidan su Malama. Umma ta tarbe ta da fuska ba yabo ba fallasa. Hajiya ta kamo hannun Malama ta zaunar da ita kusa da ita.

"'Yata, na yanke hukunci ban yi bincike ba. Na ci mutuncinki, ke kuwa kina riƙe da mutuncin 'yata a hannu ba ki sake shi ba. Ki yafe min."

"Haba Hajiya, uwa ba ta neman gafarar 'yarta. Duk wadda ta ga fuskar 'yarta a haka abin da za ta yi ke nan."

"To rana tana nan yadda aka sa ta. Ko awa ɗaya ban yarda a ɗaga ba."

Umma ta yi gyaran murya. "Shi kuma angon da ya zama kurma a falo fa?"

"Yana waje cikin mota, kunya ta hana shi shigowa," in ji Hajiya. "Ku bar shi ya ɗan gasu tukuna."

Aka yi aure a ranarsa. Auta ta tsaya a gefen amarya fuskarta babu ko hoda, da ɗan duhu a saman kunci wanda sai bayan wata shida ya baje. Tun daga lokacin duk wanda ya taɓa matar yayanta a dangi, da ita zai fara yi.

Uwa ta bincika kafin ta yanke, miji kada ya yi shiru inda ya kamata ya tsaya, budurwa kuma ta san abin da take ɗora wa fatar da Allah Ya ba ta, don ba ta da wata a ajiye. Wanda kuma aka zalunta ya riƙe gaskiyarsa ba tare da ya tozarta kowa ba, ba ya taɓewa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, har ya sha romonsa.