Hoton Shagon Kaka

Wata yarinya 'yar aji biyar tana da kaka tela. Shekara arba'in yana ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya. Da tsufa ya kama shi, sai ya ce ranar Asabar zai rufe shagon. Bai taɓa yin hoto a cikinsa ba.

Yarinyar ta ce ita za ta ɗauke shi, irin hoton da, wanda ake wankewa. Babanta ya kai ta kantin da ake sayar da kyamarorin roba masu arha, waɗanda ake sa wa fim.

Mai kantin ya ajiye mata guda biyu. Ɗaya toka-toka ce, duk ta kurje. Ɗayar ja ce, sai sheƙi take yi.

"A ina za ki ɗauki hoton, 'yata?"

"A cikin shago."

"To, ɗauki mai tokar, tana da fitila. Wannan jar sai a rana take gani."

Amma ina, idonta ya riga ya rufe. Ta turo baki ta ce, "Ni dai jar nake so, Baba."

Baba ya ce, "Kin dai ji abin da malam ya faɗa."

"Na ji."

Ba ta ji ba, kunne kawai ta ba su. Baba ya saya mata jar.

Ranar Asabar ta yi ta ɗauka. Ta ɗauki Kaka a kan keken ɗinki, ta ɗauki almakashi da zare. Baba ya zaro wayarsa zai ƙara ko guda ɗaya, ta ce a bar mata aikinta. Da la'asar aka kwashe kaya, aka rufe ƙofa.

Bayan kwana uku aka wanko hotuna. Kusan duk sun fito baƙi ƙirin. Ta fashe da kuka.

"Laifina ne, Kaka. An faɗa mini, na ƙi ji. Ga shi shago ya tafi."

Kaka bai yi faɗa ba. Ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan na ƙarshe. Wannan a bakin ƙofa ta ɗauka, lokacin da ake fitar da keke cikin rana. Ya yi dishi-dishi, amma ga Kaka nan tsaye, hannunsa a kan kekensa.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Wannan ya ishe ni, jikalle. Ki sa mini shi a bango."

Ta share hawaye, ta yi murmushi. Daga ranar ta gane cewa ana zaɓen abu don aikin da zai yi, ba don kyansa ba. Kuma idan wanda ya sani ya yi magana, sai ta tsaya ta saurara.