Fuskar Da Ke Ƙarƙashin Tabarma

"BINGO! Uelese, mun ci! Wallahi mun ci!"

Ihun Leata ya sa kaji suka watse daga gindin ayaba. Ta diro daga dandamalin gida da waya a hannu, ta nufi rumfar girki a guje, inda mijinta yake durƙushe yana jera gwaza a kan duwatsu masu zafi.

"Injin kwalekwale fa! Sabo fil! Ga ta nan tana kiran sunanka!"

A cikin wayar, wata tsohuwa mai gilashi, Fa'amanu, shugabar matan cocin ƙauyen Matasina, tana ɗaga ƙwallon lamba tana cewa, "Uelese na ƙauyen Vailupe! Ka san dokarmu, ɗana. Ba aike, ba wakili. Ka zo da ƙafarka, mu duba fuskarka da hoton da ka yi rajista da shi."

Duk Alhamis matan Matasina ke kiran bingo, wasan sa'a na kati da lambobi, ta bidiyo, rabin tsibirin Savai'i na zaune da waya da biro. Inna Mafa, mahaifiyar Leata, shekara uku tana sayen kati goma-goma, abin da ta taɓa ci bai wuce katan ɗin kifin gwangwani ba. Shi kuwa surukin nata kati ɗaya tal ya saya na tala biyar, kuɗin ƙasarmu, shi ma don matarsa ta sami abin dariya. To ka san zuciya! Inna ta jefar da bironta, ta ɗaure fuska kamar an yi mata mutuwa.

Uelese masunci ne daga ƙaramin tsibirin Manono. Ya auri Leata ya tare a ƙasar danginta, kuma kowa ya san rabon mijin da ya tare gidan mata: hayaƙi, fasa kwakwa, cin abinci bayan kowa ya ƙoshi. Shekara biyu yana yi bai taɓa yamutsa fuska ba. Leata kuwa tana son sa kamar ranta, abin da yayanta Pati ya kasa haɗiyewa ke nan.

Pati ya fito daga inuwa yana miƙa. Ƙato ne, tun rasuwar mahaifinsu yake tafiya kamar an riga an naɗa masa sarautar gidan.

"Kai, mai hura wuta. Miƙo wayar nan."

"Yaya, sun ce sai mai hoton..."

"Wa ye yayanka? A ƙasar wa kake kwana? Wutar wa ka yi caji da ita? Duk abin da ya shigo gidan nan na gidan nan ne! So kake ka ɗauki inji ka tsere Manono, ko?"

"Mu je tare mana. In na karɓa, sai in..."

Bai ƙarasa ba Pati ya zari icen girki ya sauke masa a fuska. Ƙau! Uelese ya faɗi kan tokar murhu. Pati ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a baki, jini ya wanke gwazan da ke kan duwatsu. Mutumin da ke jan kifi mai nauyin namiji daga teku, ko hannu bai ɗaga ba. Ya san ranar da ya taɓa ɗan gida a ƙasarsu, ranar zai bar ta, ya bar Leata.

"Yaya! Za ka kashe shi! Inna, ki yi magana!"

Leata ta faɗa kan mijinta. Pati ya fizgo ta da gashi ya ɗauke ta da mari. A wurinmu ana cewa 'yar'uwa ita ce ƙwayar idon ɗan'uwanta, yaro ma ya sani. Amma Inna Mafa ta kau da kai tana gyara zani, ta ce, "Da ya bayar tun farko ai da ba a kai nan ba." Tir da wannan magana daga bakin uwa!

Pati ya sa waya a aljihu, ya tayar da a-kori-kura ya tafi Matasina.

La'asar sakaliya ya dawo, ba inji, rigarsa jina-jina. Ya zube gaban uwarsa kamar yaron goye.

"Inna, na yi ɓarna. Na ce mata ni ne Uelese. Tsohuwar ta dubi hoto ta dube ni, ta ce ƙarya nake. Na kifar da teburin. Ɗanta Ioelu ya riƙe ni... sai na ga dutse a hannuna. Kansa ya fashe, Inna. Ban sani ba ko yana numfashi."

"Wa ya gane ka?"

"Ita kaɗai ta ga hoton, kuma ta bi shi asibiti. Sauran sunan Uelese kawai suka ji."

Ba a yi awa ɗaya ba motoci biyu suka tsaya a bakin hanya, cike da samarin Matasina, kowa da adda. Leata ta ja mijinta ta tura shi bayan tarin ɓawon kwakwa, ta zauna a gaba ta tare shi. Duwatsu suka fara sauka kan kwano kamar ruwan ƙanƙara. Suka sassare ayaba, suka farfasa tagogi, suka kama babban aladen gidan suka datse masa wuya a tsakar fili.

"Ku fito mana da Uelese! Yau sai mun ga kalar ƙwaƙwalwarsa!"

Da ƙyar faston ƙauye da dattawa suka tare su. Babban samarin ya nuna gidan da adda mai ɗigar jini, ya ce, "Gobe da rana tsaka. Ko ku ba mu shi, ko mu zo da fetur."

Da ƙura ta lafa, Inna Mafa ta kira 'yarta gefe, muryarta ta yi laushi kamar ba ita ba.

"Leata, 'yar albarka. Sunan gidanmu bai fito ba, sunansa ne ya fito. Gobe da sassafe ya hau jirgi ya koma tsibirinsu, ya tafi da abinsa. Ke yarinya ce, miji ba ya ƙarewa."

"Inna! Mutumin da aka fasa wa baki a gabanki, shi za ki ɗora wa jinin wani?"

"Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Pati ɗana ne. Wancan bare ne."

"In ya gudu ai ya amsa laifi! Har Manono za su bi shi!"

"Zaɓi ya rage naki. Ko uwarki da yayanki, ko masunci."

Leata ta koma rumfar girki tana kuka kamar ranta zai fita. Ta jiƙa tsumma tana goge wa mijinta fuska; ido ɗaya ya rufe ruf, leɓe ya tsage.

"Zan je in faɗa musu gaskiya. Wallahi zan faɗa! Wanda ya ja ruwa shi ruwa zai doka!"

Uelese ya riƙe hannunta. Magana na fita da ƙyar. "In kin faɗa, gobe gawar Pati za ki wanke. Daga nan duk ranar da kika dube ni, shi za ki gani. Ba zan gudu ba, ba kuma zan ba da shi ba. Ina tabarmar kakarki?"

Ta gane nufinsa: ifoga. Mai laifi ya je ƙofar waɗanda ya cuta, ya durƙusa, ya lulluɓa da tabarma mai daraja, ya ajiye ice da duwatsun murhu a gabansa, wato ga ni, in kun so ku gasa ni kamar alade. In sun yaye tabarmar, an yafe. In ba su yaye ba, komai na iya faruwa. Aikin shugaban gida ne, ba na surukin da ke hura wuta ba.

"Za su kashe ka."

"Wataƙila."

"To sai dai su kashe mu biyu."

Gari na wayewa suna durƙushe a filin gidan Fa'amanu, tabarmar kakar Leata mai jan gashin tsuntsu a baki ta rufe su duka. Shekara biyu tsohuwar ta yi tana saƙa ta, laushinta kamar zani. A ƙarƙashi Leata ba ta ganin komai sai tsakuwa da gwiwar mijinta.

Ta ji ƙafafu suna taruwa. Ta ji ana wasa adda a kan dutse, ƙiii, ƙiii.

"Shi ne! Shegen ya kawo kansa!"

Dutse ya sauka a bayan Uelese, dum! Ya yi nishi, bai motsa ba. Na biyu ya sami Leata a kafaɗa, ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini. Wani ya matso ya soka tsinin adda ta gefen tabarma, ya ja ta a kan cinyar Uelese a hankali, jini ya gangara ya jiƙa zanin Leata.

"Kai! Ja baya!" wani dattijo ya daka tsawa. "Ba a taɓa wanda ke ƙarƙashin tabarma sai mai gida ta yi magana. Ku jira ta dawo daga asibiti. In yaron ya mutu, to."

Rana ta ɗaga. Tsakuwa ta yi zafi kamar garwashi, gumi na shiga musu ido, ƙudaje sun yanyame raunin. Awa ɗaya, uku, biyar. Leata ta ji mijinta yana tangaɗi, ta sa kafaɗarta mai ciwo ta tokare shi.

"Kin yi nadama?" ya raɗa.

"Yi shiru, mai kati ɗaya. Kai ka ja mana da sa'arka."

Ya so ya yi dariya, haƙarƙari ya hana.

Wajen azahar mota ta tsaya. Takun silifa ya matso a hankali, ya tsaya daidai kansu. Muryar da suka saba ji tana kiran lambobi ta ce, a dushe, "Ioelu ya buɗe ido. Ɗinki goma sha takwas. Ya kira ni Inna." Ta kai hannu ga bakin tabarmar. "Don haka zan ga fuskar."

Aka yaye tabarma, haske ya mare su. Fa'amanu ta gyara gilashi ta daɗe tana kallo, sannan ta ciro waya daga jaka. Hoton da Uelese ya yi rajista da shi na ranar aurensu ne, don ba shi da wani: shi da kunnensa na hagu da ƙugiya ta taɓa tsagawa, Leata a gefe da fure a gashi. Tsohuwa ta kama haɓarsa ta juya kunnen. Ta dubi Leata.

"Ku ajiye addunan nan, sakarkaru! Ba shi ba ne! Wannan shi ne ya ci injin. Wanda ya fasa kan ɗana ƙato ne mai zanen kifi a wuya." Ta sunkuya. "Ɗana, wa ya yi maka wannan aika-aika a fuska? Mu ne?"

Uelese ya sunkuyar da kai. Leata ta ce, hawaye na zuba, "Gwaggo, daga gidanmu ɓarnar ta fito. A madadin gidanmu muka zo."

"Na gane." Fa'amanu ta naɗe tabarmar ta rungume a ƙirji. "Abin da na yaye na yaye. Ba mai ƙona gida, ba mai zub da jini, duk wanda ya ƙetare kuwa sai ya bi ta kaina. Amma ki kai wa uwarki saƙo. Dokata ɗaya ce, ko a kyauta ko a laifi: ba aike, ba wakili. Mai fuskar ya zo da ƙafarsa."

Samarin da suka jefe shi su suka ɗauke shi zuwa inuwa. Wanda ya yanke shi da adda ya yage rigarsa ya ɗaure masa cinya, yana kuka wiwi kamar mace.

Kafin magariba labari ya gama tsibiri: bare ya durƙusa a rana don ɗan gida, ɗan gida na ɓoye bayan zanin uwarsa. Inna Mafa ta kasa ɗaga kai a ƙauye. Washegari ita da kanta ta ja Pati zuwa Matasina, daga can 'yan sanda suka wuce da shi. Wata tara ya yi a gidan yari, sarautar da yake hange kuwa dangi ko sunansa ba su ambata ba.

Ranar da Uelese ya fara taka ƙafa, matan Matasina suka kawo inji har gida da waƙa. Inna Mafa ta shimfiɗa tabarma a wurin da mahaifin Leata yake zama, ta kawo masa kan kifi, rabon manya, da hannunta, ta durƙusa.

"Ɗana, ka yafe mini. Na kira ka bare."

"Ya wuce, Inna. Tashi don Allah, gwiwarki."

To 'yan'uwana matasa, ku ji da kyau. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, haƙuri kuwa ba tsoro ba ne, kuma ba jini kaɗai ke sa mutum ya zama naka ba. Uelese har yau yana ɗingishi, yana kuma fita teku da injinsa, Leata na jiran sa a bakin ruwa da 'yarsu da suka sa wa suna Fa'amanu. In ka leƙa rumfar girkin gidan ran Lahadi da safe, za ka ga wani ƙato mai zanen kifi a wuya durƙushe cikin hayaƙi yana hura wuta. Ba ya ɗanɗana komai sai mijin ƙanwarsa ya ci ya ƙoshi, kuma ba wanda ya sa shi.