Tagar Kudu

Ranar Alhamis ce, cikin watan Oktoba. Hadari ya haɗo daga gabas tun rana tsaka, teku ta yi launin toka.

Shekarata talatin da ɗaya ina tsaron hasumiyar fitila ta Punta Carey. Matakala ɗari da arba'in da biyu. Aikin ba wuya, sai naci. Rana na faɗuwa ka yaye labulen tagogi, ka zuba kananzir, ka kunna. Akwai curin ƙarfe mai sauka a hankali ta tsakiyar hasumiyar, shi ke juya gilashin fitila. In ya kusa ƙasa sai ƙararrawa ta kaɗa, ka kama hannun inji ka naɗo shi sama. In ka bari juyin ya tsaya, masunta ba za su gane fitilarmu ba ce.

Tagogi goma sha biyu ne, sha ɗaya ake buɗewa. Ta kudu, mai kallon Duwatsun Makoki, ba a taɓa ta. Can wani jirgi ya nutse da mutum ɗari biyu, dalilin gina hasumiyar ke nan. Mai tsaro na farko ya rataya tamfol a tagar. Wanda ya koya mini aiki ya ce, "Wanda ya nutse bai san ya mutu ba. Haske yake jira. Kada ka nuna masa." Ban nemi ƙarin bayani ba.

Ran nan aka turo mai duba aiki daga babban birni, da farin takalmi. Ya iso sama yana haki.

Ya kira sunana: "Don Eustaquio, wannan tsumman fa?"

"Na wurin ne."

"Takarda ta ce haske ya zaga ko'ina."

"Takarda ba ta kwana a nan."

Ya yi dariya. "Haba tsoho, da furfurarka kana tsoron fatalwa?"

Ya fizge tamfol ɗin. Ya sa filaya ya cire ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a aljihu. Ya ce in ya dawo ya tarar da tagar a rufe, in nemi wani aikin. Ya ɗaure tamfol a bayan alfadarinsa ya tafi, don kada ruwa ya taɓa takalminsa.

Matata Nicanora ta dire mini shinkafar kwakwa da soyayyen kifi.

"Da ka tura shi ta tagar."

"Ni zan wanke wurin kuma."

"Ci ka hau. Ƙanenka Casimiro bai shigo daga kamun kifi ba, shi da 'ya'yansa biyu. Kowa ya dawo sai su."

Na ture kwanon. Na sa wa ƙofar ƙasa sakata, na hau. Na kunna.

Hasken ya zaga, ya faɗa kan Duwatsun Makoki. Ban taɓa ganinsu da duhu ba. Baƙaƙe ne kamar ruɓaɓɓun haƙora.

Iska ta ɗauke ɗif.

Sai wari. Warin laka ta ƙarƙashin teku, irin wadda ke biyo angar jirgi.

Sakata ta faɗi a ƙasa. Na ji ƙararta.

Caɓ.

Jiƙaƙƙiyar ƙafa a kan matakalar ƙarfe. Shiru. Haske ya sake bi ta kudu.

Caɓ. Caɓ. Caɓ. Ba mutum ɗaya ba ne.

Na zagi mai farin takalmi da duk danginsa. Na kwance ragar kwanciyata, ta yadi mai kauri da nake ratayewa, na ninka ta biyu, na danne ta a jikin tagar da hannuwa. Ba ƙusa, ba igiya da za ta kama ƙarfe. Haske ya zo ya bugi bayana ya wuce.

Takun ya tsaya.

Haka na tsaya, hannu a sama kamar ɓarawon da aka kama. Ruwan sama ya kece. Kafaɗuna suka fara ci da wuta. Ina ta leƙen gabas ko zan ga 'yar fitilar kwale-kwalen Casimiro. Babu.

Ƙararrawa ta kaɗa.

Na ce, "Yanzu? Yanzu ne lokacinki?"

Ba yadda zan yi. Na saki ragar, na kama hannun inji. Naɗi ɗari uku ne, ba ya raguwa don kana sauri. Ina naɗawa, suna hawowa. Tun ina jin su can ƙasa, har na fara jin ɗigar ruwa daga tufafinsu.

Na koma tagar da gudu. Raga ta jiƙe da gumi, tana zamewa. Hannun hagu ya ƙi ɗaguwa.

Ruwa ya malalo ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Sanyi ƙarara, ya taɓa yatsun ƙafata.

"Mai fitila."

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa.

"Mun gani. Mun iso?"

"Ba ku iso ba. Ku koma."

"Yaran sun gaji."

Hannun ƙofa ya motsa.

Fitilar tana nan, taku biyu. In na murɗa famfon kananzir, duhu, kowa ya huta. Casimiro kuma ya daki dutse da 'ya'yansa.

Idona ya faɗa kan bokitin baƙin mai da nake kankarewa daga haƙoran inji. Na jefar da ragar. Na tsoma hannu biyu har gwiwa, na yaɓa wa tagar. Ni da nake goge sauran tagogin kullum safiya da fatar akuya. Na yaɓa, na sake yaɓawa.

Ƙofa ta buɗe faɗin tafin hannu.

Ban juya ba. Numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata.

Saura kusurwa ɗaya, can sama. Na yi tsalle na mare ta.

Haske ya zo kudu, ya mutu a jikin man.

Wani yaro ya fara kuka a bayana, a hankali, kukan wanda ya daɗe yana yi. Sai takun ya juya. Caɓ. Caɓ. Har ƙasa.

Ban san tsawon zamana a daɓe ba. Ƙararrawa ta kaɗa, na tashi na naɗa. Ina cikin naɗin na ji ƙahon katantanwa daga bakin gaɓa, busa uku, alamar isowa lafiya. Casimiro ya shigo.

Gari na wayewa na kashe fitila na sauko. Kowace matakala da gishiri a kanta. Nicanora na tsaye a ƙofa, ta dubi hannuwana.

"Me ya faru?"

"Baƙi."

Ta yi alamar gicciye, ba ta ƙara tambaya ba.

Na gangara gaɓa. Casimiro na kwance a cikin kwale-kwale yana minshari. Na shure shi.

"Ina kwaltar da kake liƙe jirgi?"

"Yaya, ko sannu da zuwa babu?"

"Kwalta."

Na dafa ta a tsakar gida. Nicanora ta ce, "Ka san za su kore ka."

Na ce, "Na sani."

Na ɗauki tukunyar da buroshi na hau. Na shafe tagar kudu ciki da waje, shafi uku.