Giɓin Da Ke Cikin Idonta

Tana shigowa rumfar da wani ƙaton zobe rataye a kafaɗarta, Injiniya ya ɗauka sitiyarin mota ne.

"Malama, mu nan waya muke gyarawa. Bakanike yana can gaba."

"Fitila ce," ta ce tana dariya. "Da ita muke haska fuska in za mu ɗauki bidiyo. Jona ta ka gani."

Ya jona. Zoben ya kama da farin haske, sai dai daga sama akwai wuri kamar faɗin yatsu uku da ya mutu. Ya ɗago zai yi mata bayani, sai ya ɓuge da kallon fuskarta. Ba ta shafa komai a fuska ba, har da ɗan ƙurji a gefen hancinta, amma hasken ya faɗa cikin idanunta ya zana ƙananan zobba biyu, kowanne da giɓinsa.

"Injiniya, fitilar ce ba ta da lafiya fa, ba ni ba."

Ya yi saurin sunkuyar da kai. Ya ce sai an yi odar ƙwayoyin da suka ƙone, kuma za su ɗan jima kafin su iso. Ta ce ba za ta iya barin fitilar ba, aiki ya taru mata, za ta lallaɓa da ita haka. Ta ba shi lambarta, sannan ta buɗe shafinta ta miƙa masa wayar.

Ya kalli matar da ke ciki, ya kalle ta.

"Wannan yayarki ce?"

"Ni ce."

"Wannan fa?"

"Ni ce dai."

"To wannan mai dogon hancin?"

"Hoda ce, Injiniya. Zana hancin ake yi."

Har ta ɓace a ƙarshen layin yana tsaye da sukudireba a hannu, bai gane ko mace ɗaya ya gani ba ko huɗu.

Washegari ya tura mata saƙo: "Kayan ba su iso ba."

Ta amsa: "Ai jiya ka yi odar."

"Na ce dai in sanar da ke."

"Na gode. Gobe ma ka sanar da ni."

Ya kuwa sanar da ita, gobe da jibi da gata. Kafin kayan su iso ya san da aron wayar ƙawarta ta fara, tana yi wa 'yan uwanta kwalliya a tsakar gida. Ya san wata rana takan wanke fuska ta sake shafawa har fatarta ta riƙa zafi. Ya san akwai masu zaginta a ƙasan bidiyo, kuma takan yi kuka, duk da tana cewa ta saba. Ya daina ce mata Mai Kwalliya kamar yadda kowa ke cewa, ya koma ce mata Haskena.

"Haskena, kin ci abinci?"

"Injiniyana, na sa jan baki. Sai na gama ɗauka."

Ranar da kayan suka iso, da kansa ya je gidansu. A ƙofar gida ya ci karo da wani mutum yana fitowa, ƙamshin turarensa ya cika layin, ga agogon zinare jibgege a hannunsa. Mutumin ya waiwaya ciki ya ce, "Sai na ji ki, amaryarmu," ya shiga mota.

Da ta leƙo, ya tambaye ta, "Wane ne wannan?"

"Mai shagon kayan amare ne. Abokin ciniki. Haka yake ce wa kowa."

Mamanta ta raka shi har ɗakin da take aiki. Nan ma kansa ya sake ɗaurewa. Bangon da ya sani a bidiyo yana nan, da fenti mai kyau da furannin roba da jerin kwalaben turare. Sauran bango ukun kuwa sun dafe, ga keken ɗinkin Mama, ga tulin kayan wanki, ga fanka mai fiffike biyu.

"Duniya bango ɗaya ta sani," in ji ta. "Kai ka ga huɗun. Kar ka faɗa wa kowa."

Ya durƙusa ya yi aikinsa. Da ya jona fitilar, zoben ya cika, ba sauran giɓi. Ta tsaya a gabanta tana tafi, shi kuwa a ransa ya riga ya gama shawara.

Ya bari sai da Anti, yayarsa, ta zo gida, don ya san tana bin shafin, za ta tsaya masa. Suna zaune a falo ya faɗa wa mahaifiyarsu, Umma, cewa ita yake so ya aura. Anti ta yi ihun murna, ta zaro waya ta fara nuna bidiyo ɗaya bayan ɗaya.

Umma ta gyara tabarau. "Wacce daga ciki?"

"Duk ita ce, Umma."

"Duk? Kai, ka shiga hankalinka. Yarinyar da ke canja fuska kamar ɗankwali, da wacce za ka zauna? In kuka haihu, wa ɗan zai ɗauko? Sannan duk wanda ya sayi waya ya ga matarka?"

"Umma, sana'a ce. Mata take koya wa kwalliya."

"Tsaya," in ji Anti, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu ta saki wani sabo."

Ya karɓi wayar. Haskensa ce cikin shigar amare, tana murmushi tana sunkuyar da kai. Hannun namiji ya shigo ta gefe yana gyara mata mayafi, ba a ga fuskar mai shi ba. A hannun akwai agogon zinare jibgege. A ƙasa an rubuta: "Ranar ta kusa."

Umma ta tafa hannu. "To ka gani. Allah ya rufa mana asiri."

Bai san yadda ya fito waje ba. Bai kira ta ba, don yana tsoron kada muryarsa ta tona shi. Ya rubuta: "Na ga bidiyo. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya. Da kin faɗa min da bakinki da ya fi."

Ta daɗe kafin ta amsa: "Ka gani, ka yanke hukunci, har ka yi addu'a. Ba ka bar min abin faɗa ba. Amin."

Amin ɗin nan ya hana shi sakat. Amin na me? Amin na gaske ne ko na fushi? In ƙarya ne, me ya sa ba ta musa ba? In gaskiya ne, me ya sa take jin haushinsa? Ya rubuta saƙo ya goge, ya sake rubutawa ya goge.

Ita kuwa kullum sai sabon bidiyo ya fito. Yau tana dariya tana gwada sarƙa, gobe tana juyi cikin doguwar riga, hannun nan yana miƙo mata fure. Ko alamar damuwa babu a fuskarta. Ya cire shafin daga wayarsa, amma bai tsira ba, don duk wayar da ya gyara ya kunna, sai ya ji muryarta tana cewa, "Sannunku 'yan uwana, yau za mu fara da gira." Aiki ya lalace masa. Wani tsoho ya dawo yana faɗa, an mayar masa da wayarsa amma magana ba ta fita, sukurori biyu kuma na kan tebur.

Wata safiya wata mata ta kawo babbar waya da gilashinta ya tsage. Ya canja, ya ce ta kunna wani abu su gwada launi. Sai ga bidiyon da aka saki a ranar, fuskar Haskensa ta cika gilashin. Ya so ya kau da kai, amma ya ga kamar akwai ɗigon baƙi a kan sabon gilashin, daidai idonta. Ya tsayar da bidiyon, ya jawo madubin ƙara girma da yake aiki da shi.

Gilashin lafiyarsa ƙalau. Ɗigon a cikin idonta yake. Zoben fitila ne, da giɓi daga sama.

Ya yi turus. Ai da hannunsa ya cike wannan giɓin. Ko ta sake ƙonewa ne? Ya koma bidiyon jiya, giɓin yana nan. Na shekaranjiya, yana nan. Ya koma har na farkon, mai mayafin nan da ya tayar masa da hankali, giɓin yana nan, wuri ɗaya, faɗi ɗaya. Wannan kuwa an sake shi ne jim kaɗan bayan ya ga zoben a cike da idonsa.

"Malam, lafiya?" in ji mai wayar. "Ka ƙura wa 'yar mutane ido."

"Hajiya, ana iya ɗaukar bidiyo yau a sake shi wani watan?"

"Yo da a wace duniya kake? Ai tara su suke yi."

Ko rumfar bai rufe ba, ya nufi gidan su Haskensa.

Yayanta ne ya buɗe masa ƙofa, yana hamma. Injiniya bai gaishe shi ba, hannunsa yake kallo. Agogon zinare ne jibgege.

"Yaya, kai ne angon?"

"Angon wa? Kai, ka sha wani abu ne? Hannuna aka ara. Na tsaya a gefe kamar gunki har ƙafata ta yi tsami, mai shagon ya ce in riƙe agogon, yana da irinsa cike da akwati. Ruwan zinare ne ma, har ya fara koɗewa." Ya kalle shi sama da ƙasa. "Au, kai ne mai addu'ar zaman lafiya? Shigo, ka zo a daidai. Mun gaji."

Ta fito tsakar gida da tsohon mayafi, idanunta sun kumbura. Babu zobe a cikinsu ko ɗaya.

"Ka zo taya ni murna ne?"

"Haskena, na ga giɓin."

"Wane giɓi?"

Ya yi mata bayani yana tuntuɓen harshe. Ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno.

"Talla ce. Shagon zai buɗe sabon reshe, shi ne ranar da ta kusa, sun ce kar a faɗi suna sai bidiyon ƙarshe. Duk na ɗauke su lokacin da kake sanar da ni kaya ba su iso ba. Na jera su, wayar ke saki da kanta. Tun saƙonka ban kunna fitilar nan ba." Ta share ido. "Mai shagon ma ya nemi aurena, in kana son sani. Na ce masa ya zo ya gan ni da safe kafin in shafa komai, ya ce ba sai ya gani ba. Kai da ka ga ƙurjina, ka ga bango huɗu, kai ne za ka yarda da waya ka bar ni? Fitila ka yarda da ita, ni ba ka tambaye ni ba."

"Na yi wauta. Ki yafe min."

"Zan yi tunani."

"Har yaushe?"

"Gobe ka sanar da ni ko kana nan da hankalinka."

Saura Umma. Da ya gama ba ta labari, ta ce kanta ya ƙara kullewa, amma a kawo mata yarinyar ta ga wadda ake magana a kai.

Haskensa ta zo da cikakkiyar kwalliya, da gangan. Bayan gaisuwa ta roƙi Anti ruwa da sabulu, ta durƙusa a gaban Umma ta cire gashin idon da ta liƙa, ta wanke fuskarta tas.

"Umma, wannan ce ni. Waccan aikina ce, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina son aikina, ba na so in bari. Amma a wajen aiki take kwana. Wannan ce za ta zo gidanki."

Umma ta kama haɓarta ta juya ta dama da hagu.

"Ikon Allah. Ina hancin ya tafi?"

Anti ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Umma ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ce, "Wadda ta iya wanke fuskarta a gaban uwar saurayi ba za ta yi min ƙarya ba. Tashi, 'yata, ki zauna kusa da ni. Wannan baƙin da ke ƙasan idona fa, akwai dabara?"

Ranar ɗaurin aure ita ta yi wa Umma kwalliya da hannunta, Umma ta ƙi rabuwa da madubi. Da Anti ta sa bidiyon bikin a shafin amarya, mabiyanta suka cika ƙasansa da tambaya: "Wane shago ne kuma wannan?" "Mai Kwalliya, nawa ne mayafin?" Wata ta rubuta: "Angon wancan karon ya fi wannan agogo." Babu wanda ya yarda auren gaske ne.

"Ka ga abin da ka jawo min," in ji ta, tana nuna masa.

"Ƙyale su, Haskena. Ni ma sai da na sha wuya kafin in gane."

Umma ta haɗa hannayensu cikin nata. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. In kun ga abin da ya ɗaure muku kai, ku tambayi juna kafin ku tambayi waya."

Suka ce amin. Da Umma ta fita, Injiniya ya matso ya leƙa idon amaryarsa, don ya riga ya saba. Fitilar tana kashe a jikin bango. Wani ɗan ƙaramin mutum ya gani a ciki, da sabuwar hula a karkace, yana ta washe baki.