Furen da Ba Ya Son Ƙasa

Goggo ba ta gama shan shayinta ba labari ya riske ta: wai mai gadin asibitin 'yar ƙaninta ya sace wani fure mai tsada da ake kira okid ya sayar. Kowa ya yarda, tunda mai gadi ne. Ita kuwa, da ta tsufa tana koyar da ilmin tsirrai, ba ta taɓa karɓar "kowa ya ce" a matsayin hujja ba. Ta ɗauki sandarta ta fita.

Ta tarar da Likita, 'yar ƙanin nata, tsaye ƙarƙashin bishiyar tsakar asibiti, rai a ɓace. Likita ce ta raini furen nan tun yana ɗan tsiro, sai bana ya buɗe, fari tas mai ɗigon ja a maƙogwaro.

"Goggo, yau zan sallame shi."

"Sallama ba ta gudu, 'yar nan. Nuna mini wurin."

Ɓawon itacen da aka ɗaure furen a jikinsa yana nan yana reto a reshe. An yanke zaren, an ɓamɓare saiwoyin. A gindin katanga kuma wani ya kwashi baƙar ƙasa, kamar cikin tukunya guda.

Goggo ta kira mai gadi.

"Wace irin ƙasa kake zuba masa?"

Duk da fargabar da yake ciki sai da ya yi dariya. "Ƙasa kuma, Malama? Ai wannan ɗan gata ne, a sama yake zama. Feshin ruwa nake masa da safe, saiwa ta yi kore, in bar shi ya sha iska."

"An ce ka kai wa mai sayar da furanni."

"A tambaye ta."

Aka tambaye ta, a rumfarta ta bakin titi. Ta riƙe ƙugu.

"Haba Goggo! Wa ke sayen okid tsirara? Da an kawo mini shi babu ɓawonsa, da na kori mutum da tsintsiya."

Saura wanda ya fara baza zancen, wato telan da shagonsa ke jingine da katangar asibiti. Suka same shi yana taka keke.

"Ɗan nan, ka ga mai gadi da furen?"

"Ba sai na gani ba, Goggo. Wa ke da makulli?"

"Katangar nan ma ai ba ta fi ƙirjinka ba."

Ta juya wajen Likita, ta ɗaga murya kamar a aji. "Ki haƙura kawai. Wanda ya ɗauka ya binne shi a ƙasa. Saiwar okid iska take shaƙa, in ta jiƙe a ƙasa ruɓewa take. Yau da gobe ganye zai yi laushi ya zube."

Keken ɗinki ya tsaya cak.

"Ko da an zuba masa taki mai kyau?" in ji tela.

"Wa ya yi zancen taki, ɗan nan?"

A bayan shago suka sami furen, cikin gwangwanin fenti, an danna masa ƙasa har wuya. Tela ya ce matarsa ce ta dame shi da yabon furen, har ya gaji. Goggo ta zazzage ƙasar, ta wanke saiwoyin a famfo, ta miƙa wa mai gadi ya mayar a kan ɓawonsa.

"Ya aka yi kika gane?" in ji Likita, tana kallon ƙasa don kunyar mai gadinta.

"Duk wanda ya san furen nan da ɓawonsa zai ɗauke shi. Wanda ya bar ɓawo ya kwashi ƙasa bai san shi ba. Mai gadi ya sani, mai furanni ta sani. Tela ne ya sata."