Tsohon da Ba Ya Taku

Ku matso, kuma kada wanda ya katse ni. Jiya kun lalata min labari mai kyau da dariyar banza.

Tasi'u mai haɗa shafukan intanet ne, shagonsa na bayan kasuwar waya. Hajiya Talatu mai takalma ta ba shi aikin shafinta. Komai ya yi kyau sai abu ɗaya. Da an cire hoton takalmin da aka sayar, sai sauran hotunan su yi tsalle su cike gurbin, fit, kamar an firgita su. Hajiya ta ce so take su zame a hankali, ido na bin su. In ya gaza, za ta kai wa Bilya na shagon gaba, wanda Tasi'u ke yi wa dariya kullum.

Ya gyara, suka yi tsalle. Ya sake, suka hau kan juna. Tsaki dai ya sha shi.

Aka kira magariba, kowa ya rufe ya tafi. Shi ya zauna, shi kaɗai.

Sai sallama. Wani tsoho a bakin ƙofa. Kafin Tasi'u ya gama amsawa, tsohon na kan kujera kusa da shi. Babu taku. Ko gefen rigarsa bai motsa ba.

"Ka san inda hotunan suke, ka san inda za su," in ji tsohon. "Tsakanin nan da can ne ba su da shi."

"Baba, a ina ake samunsa?"

"Kana da naka. A zuba musu?"

Haushi ya rufe masa ido, ya ce a zuba.

Hotuna suka fara zamewa, lumui, kamar mai a kasko. Ya juya zai yi godiya, kujera ba kowa.

Ya kulle shago, ya ɗaga ƙafa, sai ga shi a ƙofar gida. Babu titi, babu mai shayi, babu sannu da kowa. Tsakanin nasa ya tafi, hotuna sun ɗauke.

Hajiya ta yaba, aiki ya zauna hannunsa. Amma ba a sake ganin Tasi'u a hanya ba. Ranar da kawunsa ya rasu, aka ɗauki makara, ya ɗaga ƙafa zai bi, sai ga shi a maƙabarta shi kaɗai, yana jiran mutane. Unguwa ta ce girman kai ne. Har yau ba su yafe masa ba.

Don haka in an kira magariba, ku rufe kwamfuta ku bi mutane. Ni dai na faɗa, ko da yake ba kwa jin maganata.