Kan Kifin Nansha

A wani ɗan gidan abinci da ke bakin teku a Nansha, can ƙarshen Guangzhou ta ƙasar Chana, Nababa ya fara ganin Mas'uda. Tebur shida ne kacal a wurin, kifi da ƙaguwa na yawo cikin ruwa, sai ka nuna wanda kake so a dafa maka. Ta zo da ƙawayenta na jami'a, ta ɗauki shayin da aka fara kawowa za ta kai baki.

"Malama, wannan na wanke kofi ne," Nababa ya ce daga teburin da ke kusa. "Na sha yana tafe."

Ta ajiye kofin, ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Shi kuwa gogan, wanda ya shekara bakwai yana tura kayan 'yan kasuwa Kano ta jirgi, ranar kifinsa har ya huce bai taɓa ba.

Wata takwas suka yi suna zuwa wurin duk Lahadi. Shi ke ɓare mata jatan lande, ita kuma tana yi masa tsiya wai ya zama ɗan Chana. Haskena yake ce mata. Ita Lawban take kiransa, yadda ake kiran mai shago a garin.

Ranar da jarrabawa ta hana ta zuwa ya rubuto mata: "Haskena, yau tekun nan ba shi da kyan gani. Mai abinci ma sau biyu yana tambayar ina kike."

Ta amsa: "Lawban, ka ci nawa ka ci naka. Amma ka ajiye min labari."

Ana nan sai mahaifinta, Alhaji Kallamu na Kantin Kwari, ya zo saro wandunan jins. Mas'uda ta ce, "Ka je masaukinsa ka durƙusa ka gaishe shi, ka tashi. Iyakar abin da nake so ke nan."

Ina, Nababa burgewa yake so. Ya ɗauko Alhaji da 'yarsa har Nansha, ya sa aka dafa kifi mafi girma. Da aka kawo, ya juya kan kifin wajen Alhaji, ya cire shi ya sa masa a faranti, don haka ya ga ana girmama babban baƙo. Sannan ya gyara zama ya kama ci, yana hira yana dariya. Shekara bakwai ta mantar da shi cewa mai neman aure ba ya cin abinci a gaban suruki.

Alhaji bai taɓa farantin ba. "A ƙoshe nake," kawai ya ce.

Washegari ya ce wa 'yarsa, "Yaron da zai miƙo min kai ya ɗebi tsoka, ya cika ciki ina kallonsa? Ba da yawuna ba."

Ta rubuta wa Nababa tana kuka: "Lawban, ka tura manya su ba Abba haƙuri. Don Allah."

Ya amsa: "Haskena, girmama shi na yi. Haƙurin me zan bayar?"

Girman kai rawanin tsiya. Ta gama karatu ta koma Kano, shi yana Guangzhou yana jiran a fahimce shi. Yana sonta kamar ransa, amma bakinsa ya ƙi furta kalma biyu. Haka aka kwashe shekara biyu da wata huɗu.

Sai ga saƙonta: "Wani likita, Al-Amin, ya turo magabatansa. Na gaji da ce wa Abba ina nazari. Watan gobe zan ba da amsa. Har yanzu kai nake so, wannan ne abin haushin."

A satin ya hau jirgi. Ya ɗauki ƙanin mahaifinsa, Baffa Maidaji, suka tafi gidan Alhaji. Nababa ya cire takalmi ya zube daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Alhaji ya saurari Baffa har ya gama, sannan ya yi ajiyar zuciya.

"Malam Maidaji, a jirginmu na dawowa wani abokin kasuwa ya yi min bayanin kan kifin nan. Kafin mu sauka na huce. Cin abincin kuma yarinta ce. Amma ni zan kira yaro in ce zo ka auri 'yata? Ko ita ban iya faɗa mata ba. Duk Juma'a sai na sa an share falon nan, ko za ku zo."

Nababa ya ji hawaye na zuba a bayan hannunsa. Bai taɓa jin kunya da nadama irin ta ranar ba. Daga bayan labule aka ji sheshsheƙar Mas'uda.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu. Da yamma aka kawo ango da amarya gaban Alhaji, suka durƙusa.

"Ga ta nan, amana ce," ya ce, yana dafa kan Nababa. "Idan ka yi mata laifi, kada ka kwana ba ka ba ta haƙuri ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Shekara biyun da muka zubar, ni da kai, Allah ya mayar muku da su."

Mas'uda ta ce amin. Nababa ya ɗaga hannu ya shafa addu'ar a fuska.